Maganin 'Yar Fari

Maigidana a bakin ruwan dam ɗin Bakolori ya yi aikinsa duka. Shi ke buɗewa da rufe ƙofar wani reshe na kanal, wanda ke kai ruwa gonakin wajen Ruwan Gizo. Idan noman rani ya kankama ba ya da ranar kansa. In ya makara masu shinkafa su biyo shi har zaure, in ya yi sammako masu albasa su ce ya cika musu ruwa. Muna zaune a Talata Mafara a lokacin, cikin gidan haya mai ɗaki biyu.

Wata shekara aka ce an shigar da ma'aikata cikin inshorar lafiya. Ban san kalmar ba sai da malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta rubuta mana ita a allo. Abin da na fahimta shi ne, ana cire wani abu daga albashi, mu kuma in mun je asibiti a duba mu a ba mu magani, mu biya ɗan kaɗan. Aka ce kowa ya kawo matarsa da 'ya'yansa a ɗauki hoto a yi musu kati. Don wannan hoton aka aika Janbako a zo da babbar.

Babbar ita ce 'yar farina. Ranar da aka yaye ta, uwar maigidana, wadda duk muke kira Inna, ta goya ta ta tafi da ita Janbako, can wajen Maradun. Haka ake yi a danginmu, ba wanda ya ga abin magana. 'Yar fari ta kaka ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa gaban mutane, in ta faɗi ba ita ke ɗaga ta ba. Idan baƙuwa ta tambaye ni 'ya'yana, daga na biyu nake farawa. In dole ta kama sai na ambace ta, sai in ce yarinyar nan, ko 'yar Inna. Ita kuma ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni tana ce mini Yaya. Ubanta ma kunyar yake yi, har ya fi ni. In ta shigo gaishe shi sai ya sami abin gyarawa a jikin kekensa.

Tun tana ƙarama take da asma, wadda Inna ke kira huka. Tana lafawa tana tashi. Da aka yi katin, sai ya zama duk lokacin da ta tashi Inna ce ke kawo ta asibitin Mafara, a ba su ƙwayoyi da wani shuɗin abin fesawa a baki, su kwana wurinmu su koma. Ni nakan raka su in riƙe wa Inna jaka. In an kira su ɗakin likita, sai in zauna a benci a waje. Ba wanda ya ce in zauna, ba kuma wanda ya ce in shiga.

Ta shiga makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Bakura, tana ƙoƙari ƙwarai, har ta kai ajin da za su rubuta jarrabawar fita. A shekarar ne ciwon ya canza hali. Lokacin sussukar shinkafa, da ake ƙone tattaka a gonaki hayaƙi ya kwanta a kan gari, sai aka dawo da ita gida a motar makaranta. Malamar da ta rako ta ta yi magana a hankali, amma ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ciwon ya sha tayar musu da hankali, asibiti kuma ba kusa ba. Shugabar makaranta ta ce kada a maido ta sai likita ya tabbatar an shawo kan abin. Idan ba ta koma kafin a rufe rajistar jarrabawa ba, shekarar ta wuce ta, kuma a wajenmu yarinyar da ta zauna gida shekara guda ba kasafai take komawa aji ba.

Aka aika wa Inna, ta zo a bayan babur, ƙafafunta duk jar ƙasa. Washegari muka tafi asibiti. Na zauna a bencina. Da suka fito, Inna tana riƙe da takardar magani, muka nufi tagar da ake bayarwa. Matar da ke ciki ta duba takardar, ta ajiye ƙwayoyin da muka saba da shuɗin, ta sa yatsa a kan layi na ƙarshe.

"Wannan ba ya cikin jerin inshora," in ji ta. "Ko ku saya a kemis, ko ku je teburin can ku nemi izini."

Na ƙarshen shi ne sabon da likita ya rubuta, na shaƙa safe da yamma, wanda aka ce yana hana ciwon tashi tun farko. Na tambayi kuɗinsa a kemis ɗin da ke ƙofar asibiti. Na yi godiya na fito. Ba abin da za mu iya ɗauka ba ne, balle an ce ba sau ɗaya ake sha a daina ba.

Mai teburin inshora saurayi ne mai yawan fara'a, da kwamfuta a gabansa. Ya ba Inna kujera, ya gaishe ta har sai da ta gaji da amsawa. Sannan ya yi mana bayani. Kamfanin da ke biyan kuɗin yana can birni mai nisa. Suna da jerin magungunan da suka yarda da su. Wanda ba ya ciki ba a hana shi ɗungum ba, amma sai an nuna musu an gwada na cikin jerin bai yi ba. In sun gamsu, su aiko da lambar izini, a ba da magani.

"To aika musu," in ji Inna. "Ko sai mun kai musu goro?"

Ya yi dariya ya ce zai aika da abin da ke cikin katinta na asibiti, mu dawo mu ji.

Da muka dawo fara'arsa ta ragu. Ya ce sun ƙi. Sun duba bayanan zuwanta na baya, kowane zuwa an rubuta jiki da sauƙi, magani yana aiki. Suka ce tunda na cikin jeri yana aiki, a ci gaba da shi.

"Wa ke ce wa likita da sauƙi?" ya tambaya.

"Ni," Inna ta ce. "Mi kaka so in ce? In tsaya gaban mutum in kai ƙarar Ubangijina?"

Ba wannan kaɗai ba ne, ni na sani. Inna ba ta shiri da duk abin da ya fito daga hannun hukuma. Fadamar mijinta tana ƙarƙashin ruwan dam tun ina yarinya, kuma takan ce abin ya fara ne da mutane masu fara'a da suka zo da takarda suna tambaya. Tun daga nan duk mai biro a hannu amsa ɗaya yake samu wurinta, lahiya lau.

Saurayin ya ce akwai sauran hanya ɗaya. Mu koma wurin likita, a gaya masa yadda take a gida da gaske, ya rubuta dalili da hannunsa, a sake aikawa. Ya ce in an sake ƙi, ba ya jin za su saurari na uku da wuri.

A gida na faɗa wa maigida, bayan ya ci abinci. Na ce maganar yarinyar nan ce. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Ai Inna tana nan. Ita ta san yadda za ta yi." Ya tashi ya fita, don ranar masu tumatir ke da ruwa. Ban ga laifinsa ba. Abin da ubansa zai faɗa ke nan.

Ranar ganin likitan da sauran kwanaki, hanyar Janbako kuma ba ta kai-da-komo ba ce, sai Inna ta ce za su zauna wurinmu. Tun yaye ban taɓa zama da yarinyar nan kwanaki a jere haka ba. Ba na kallonta kai tsaye, amma gidan ƙarami ne. Na ga in ta ɗebo ruwa daga rijiya takan ajiye bokitin a tsakiyar tsakar gida, ta yi kamar tana gyara ɗankwali. Na ji in tana tilawa da hantsi takan yanke aya a inda ba a tsayawa, ta ja numfashi, ta koma baya. In ta sha ƙwayar nan hannunta yakan yi rawa. Wannan a littafinta na gani, don ni rubutu da wuya na same shi, shi ya sa idona ke zuwa kansa. Shafukan farko layi a miƙe, na baya-bayan nan kamar an rubuta a cikin mota. Shuɗin abin fesawar kuwa, da aka ce sai in ciwo ya tashi, a ƙugunta yake, takan shiga bayan ɗaki da shi ta fito kamar ba komai.

Ita da kakarta kullum cikin tsiya suke.

"Ke raguwa," Inna za ta ce, "ni da na haihi ubanki ban yi nishin da kike yi ba."

"Ke ai ba ki da abin yi sai zama, tsohuwa. Zo ki ja guga mu gani."

"In ja guga ina da baiwa? Mi nir rene ki dominai?"

Su yi dariya, dariyar ta koma mata tari, Inna ta buga mata baya ta ce tuwo ne ya sarƙe ta, alhali ba ta ci komai ba.

Da yamma kafin ranar ganin likitan, na sami Inna ita kaɗai tana gyaran zogale. Na durƙusa na ce, "Inna, gobe in an shiga, da an ɗan faɗa masa yadda abin yake."

"Ni ka koya wa magana?"

"A'a, Inna."

"Ɗiyag ga a hannuna ta girma. Abin da za a hwaɗi na sani."

Na ce to. Na ɗauki tsintsiya.

Da safe, muna shirin fita, na ga yarinyar ta haɗiye ƙwaya, ta fesa shuɗin, ta sake fesawa, ta wanke fuska ta shafa hoda. Sai a lokacin na gane ita ma tana da nata shirin. A ganinta in likita ya ce ta warke, gobe tana makaranta. Ba ta yi tunanin motar da za ta sake dawo da ita ba.

Aka kira su, na zauna a benci. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, labule ne kawai, ina jin komai. Likitan mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa. Ya gaida Inna, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Janbako. Sannan ya ce yaya mai jiki.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ji Inna.

"Inna, so nake ki gaya mini yadda take wuni. Tana aiki? Tana gajiya?"

"Aiki kamar jaka. Ci kamar gara. Ƙiwuya dai ag gare ta."

Ya juya kan yarinyar. Ta ce lafiyarta lau, ita makaranta take so ta koma. Na ji shiru, na san ya sa abin sauraren ƙirji. Can ya ce yau ƙirjin a buɗe yake. Ya ce shi ya san abin da ya ji wancan zuwan, amma ba zai rubuta wa kamfani abin da mai ciwo da mai jinya suka ce babu ba. Makaranta ma ba zai rubuta mata cewa an shawo kan ciwon ba, don bai yarda an shawo ba. Sai dai su ci gaba da na hannunsu, a sake gani nan gaba.

Na ji ƙarar kujera, Inna tana miƙewa. Jakarta tana kan cinyata. Na tashi da ita a hannu na ɗaga labulen, na yi sallama.

Duk suka juyo. Ban kalli kowa ba, na kalli ƙafar teburin. Na ce, "Likita, a yi haƙuri. Yarinyar nan ba ta da sauƙi."

Na faɗi maganar bokiti, da ta tilawa, da rawar hannu. Na ce shuɗin ba ya kwana biyu a ajiye, kuma yau da safe ta sha ta fesa kafin mu fito. Muryata ba ta da ƙarfi tun asali, sai da ya ce in ɗan matso. Yana tambaya ina amsawa, abin da ban sani ba in ce ban sani ba. Ya tambayi yarinyar ko haka ne. Ta ce, "Yaya ai ba ta san komai ba," sai kuka ya ƙwace mata, kukan ya taso da tarin, aka ji ƙirjin yana shewa ba sai an sa abin saurare ba.

Likita ya ɗauki biro. Ya ce, "Za su so su san wanda ya ba da wannan bayani. Ke yayarta ce?"

Na jira Inna ta amsa. Ita ya kamata ta amsa. Ta kafe idonta a kan taga, ta tauna goronta.

Na ce, "Ni na haife ta."

Ya rubuta. A wurinsa ba wani abu ba ne. Ni kuwa ban taɓa faɗin haka da bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai, ga shi na faɗa gaban uwar mijina da ita yarinyar.

Muka kai takardar teburin inshora. Inna ta ce ƙafarta na ciwo, ta zauna nesa, yarinyar ta zauna kusa da ita ta juya mini baya. Saurayin ya karanta ya ce yanzu aka yi magana. Ya jawo kwamfutarsa ya ce, "Mama, sunan mai ciwon?"

Na ce yana jikin katin.

"Na gani, amma ƙa'ida ce mai kawo ƙorafi ya faɗa da bakinsa." Ya dube ni, ya dubi inda suke zaune, sai ya gane. Ya rage murya. "Ta fari ce ko? Mama, kwamfutar nan ba ta san kunya ba. Ni ma uwata har yau wancan take ce mini."

Na ce ya ba ni biro. Na rubuta sunan a bayan wata 'yar takarda, harafi ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana, na tura masa. Ya ce wannan ma ya yi.

Muka kama hanyar gida. Da muka shiga Inna ta karɓi jakarta daga hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Da maigida ya dawo ta tare shi tun a zaure.

"Matarka ta yi wa'azi yau a asibiti. Likita na rubutu, ita tana zuba. Ashe bokon dare da kab bari tana zuwa, abin da aka koya musu ke nan."

Ajinmu da la'asar ake yi, amma ban gyara mata ba. Shi kuma ya ce, "Allah ya kyauta," ya shiga duba tayar keke.

Kwanakin jiran ba su yi daɗi ba. Inna tana amsa gaisuwata a taƙaice. Yarinyar ta daina shiga bayan ɗaki da shuɗin, tana fesawa a gabana, kamar mai cewa ga abin da kike so ki gani. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ta ji labari, wai na shiga ɗakin likita ina kuka ina kiran ɗiyata ɗiyata. Na ce ba haka aka yi ba. Ta ce ita ma ta ce ba halina ba ne. Na san kafin ranar kasuwa labarin ya kai Janbako, da ƙari.

Izinin ya zo ta wayar maigida, yana bakin kanal, ya aiko a faɗa mana. Mutanen kamfanin ba su ba da shi gaba ɗaya ba. Sun yarda na ɗan lokaci, in ya ƙare a koma wurin likita ya sake rubuta yadda ake ciki, su sake dubawa. Muka je taga, matar ta miƙo shi a kwali. Ɗan abu ne zagayayye, bai cika tafin hannu ba. Wata nas ta nuna wa yarinyar yadda za ta ja da ƙarfi ta riƙe numfashi, ta kuskure baki bayan nan. Ta ce ba a ganin aikinsa rana ɗaya, kada a yi gajen haƙuri.

Haka kuwa aka yi. A hankali bokiti ya fara kaiwa randa ba tsayawa. Da muka koma, likita ya saurara ya tambaya, wannan karon ni ya fara kallo. Na ce da sauƙi, kuma gaskiya ce. Ya rubuta wa makaranta takarda, ana sauran 'yan kwanaki a rufe rajista.

Ranar tafiya Inna ce za ta raka yarinyar tasha, daga can ita ma ta nemi babur ɗin Janbako. Na ɗaura wa yarinyar ƙuli-ƙuli da garin kunu a leda, na ajiye a kan akwatinta ban ce nata ba ne. Ta shiga ta yi wa ubanta sallama ta bayan ƙofa. Ta fito ta tsaya inda nake wanke kwanuka, ta daɗe tana gyara igiyar akwati.

"Yaya," ta ce, "in wannan ya ƙare, wa zai zo mu shiga wurin likitan? Ke ko Inna?"

Na ce duk wanda Allah ya nufa.

Inna tana bakin zaure tana neman takalminta da ƙafa. "Ita za ta zo," in ji ta. "Ta riga ta zubar da kunyar, mi ya rage? Ni ƙahwata ta huta. Ke kuma raguwa ɗauki akwatinki, mota ba ta jiran masu huka."

Suka fita suna faɗa. Ta rubuta jarrabawarta a shekarar, motar makaranta ba ta sake zuwa ƙofarmu ba. Duk lokacin da maganin ya kusa ƙarewa nakan hau motar Bakura in ɗauko ta, mu shiga ɗakin likita tare, in zauna a kujerar mai jinya in faɗi abin da na gani.